Ƙarfen Bencin Madam Christina

"Oga, sake takawa," in ji Thaddeus mai walda daga ƙarƙashin motar. Ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Mika'ilu ya taka totur. Tsohuwar jif ɗinsa ta girgiza, sandar giya ta karkata gefe, wani abu ya bugi ƙasan motar, ƙwal! Ya kashe ta da sauri.

Thaddeus ya fito yana karkaɗe riga. "Kurosmemba ne. Wannan ƙarfe da yake kwance a ƙasa, shi yake ɗauke da transifa, akwatin da yake tura tayan gaba da na baya. Ya tsage, saura kaɗan ya rabu biyu. In ka shiga rami ɗaya, giyabos zai sauka ya gaida ƙasa."

Mika'ilu ya dafe kai. Gobe da safe ne sunan 'yarsa ta fari, wadda shi da Rakiya suka daɗe suna roƙon Allah ya ba su, kuma sunan mahaifiyarsa za a sa mata. Ita kuwa Inna tana can wani ƙauye bayan Paikon Kore, da ciwon gwiwar da ya hana ta hawa babur. Damina ta cinye hanyar, ƙaramar mota ba ta shiga. In wannan jif ba ta je ba, sai dai Inna ta ji labarin takwararta a waya.

Nan take ya fita ya zagaye kasuwar kayan mota ta Apo kaf, shago bayan shago, yana neman wani ƙarfen. Mutum ɗaya ne ya ce zai sa a kawo masa daga Legas wani mako, a kan kuɗin da Mika'ilu bai ma tsaya jin ƙarshensa ba. Haka ya dawo hannu wofi.

"To a liƙe tsagar mana, Oga Thaddeus."

"In na liƙe kawai, zai sake tsagewa a gefen waldar. Sai an yi masa riga. Ƙarfe mai kusurwa, mai kauri, ɗaya nan ɗaya nan." Ya tona tarin ƙarafansa, ya ɗaga wannan ya yar, ya ɗaga wancan ya yi tsaki. Duk tsatsa ta gama da su. Can sai ya kafe idonsa a kan rumfar abincin da ke maƙwabtaka da shi.

Madam Christina mai abinci ta bi idonsa da kallo, ta ga inda ya sauka: dogon bencin da kwastomominta ke zama, wanda shi da kansa ya ƙera mata.

"Thaddeus, kada ka soma! Mutanena za su zauna a ina? A kanka?"

"Madam, bencin nan ya ɗauki Oga Kure da tumbinsa bai ce uffan ba. Transifa wasa ne a wurinsa."

Oga Kure, mai sayar da tayoyi, yana kan bencin a lokacin, loma a hannu. Kanikawa suka bushe da dariya. Mika'ilu ya matso, ya rage murya, ya gaya mata abin da ke tafe da shi. Christina ta riƙe ƙugu ta dube shi, sai fuskarta ta saki.

"Mama ne? Kai, me ya sa ba ka faɗa tun ɗazu? Oga Kure, tashi! Amma cinyar ragon suna tawa ce fa."

Haka Oga Kure ya ƙarasa sakwararsa a tsaye, yana mita yana dariya.

Thaddeus bai yarda ya yi walda a jikin mota ba. Ya tokare transifar da jak, ya kwance ƙarfen, ya cire robar da ke kansa don kada wuta ta cinye ta. Ya huda ƙarshen tsagar, ya cike ta, sannan ya yanko ƙarafan bencin ya kwantar da su gefe da gefe. Yana ɗinka nan kaɗan, ya koma can, don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Mika'ilu na ta safa da marwa yana duba rana, shi kuwa ko a jikinsa. Da ya gama ya huda ƙananan ramuka a ƙasa, inda ruwan taɓo zai riƙa fita.

Ana gama ɗaurewa, ya wanke hannu ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

"Ina zuwa kuma?" in ji Mika'ilu.

"Aikin ƙasan mota, ba na sallama sai na hau. In ya karye, ya karye da ni a ciki."

Daga kwalta zuwa ƙauyen, babu irin ramin da ba su faɗa ba. Mika'ilu dama bai san tuƙi a hankali ba, yau kuma ga gaggawa. Sau da yawa ƙasan motar na gurzar dutse, shi ya runtse ido, Thaddeus ya kasa kunne sannan ya ɗaga babban yatsa. Sandar giya ko motsi.

Sun tarar da Inna a ƙofar gida, ta yi wanka ta ci ado tun azahar. Kusa da ita ga tarin doya, buhun masara, kaji a kwando da tulun man ja.

"Oga," Thaddeus ya ce a hankali, "tsohuwa ɗaya ka ce mini."

"Wane ne wannan?" in ji Inna.

"Shi ya gyara motar, Inna. Ba don shi ba da ban iso ba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. To ɗauko doyar."

Suka ɗaga ta cak suka sa a gaba, Thaddeus ya koma baya tsakanin kaji. Inna ta yi ta tambaya: wa jaririyar ta ɗauko, tana da gashi, Rakiya na cin abinci kuwa? Mika'ilu na amsawa, daɗi ya cika shi har yana jin ƙwalla. Kafin su kai rafi muryarta ta yi ƙasa, kanta ya jingina da kujera.

Motar ta koma tafiya kamar ta ɗauko ƙwai. Thaddeus ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Oga, ba ta wuta mana. Ƙarfen zai ɗauka, na rantse."

"Na sani," in ji Mika'ilu, ya kauce wa wani ɗan rami. "Barci take yi."