Takardar Rayayyu

Duk kwanar da Rodika ta sha a hanyar dutsen, sai akwatin kayan da ta ɓoye a but ɗin mota ya gungura ya daki ƙarfe. Ta ƙara muryar rediyo. Mahaifiyarta, Domnika, tana gefe da kyandirori a cinya, ta zuba wa dajin iyakar Yukren ido.

Ziyarar gidan zuhudu ce kawai, haka ta gaya wa tsohuwar. Gobe jirgin Rodika zai koma Italiya, inda shekara tara ke nan tana yi wa uwar wasu wanka, tana ba ta abinci a baki. Kowa ya shaida ta iya riƙon tsofaffi.

*

A ƙofar cocin gidan zuhudun akwai tebur da takardu kashi biyu, na rayayyu da na matattu. Kowa kan rubuta sunayen nasa don a yi musu addu'a.

"Rubuta mini, na bar tabarau a gida," in ji Domnika. "Fara da matattu. Ubanki Ilariye. Allah ya ji ƙansa, ko da yake sai ya yi da gaske."

Rodika ta rubuta, ta jawo ta rayayyu.

"Ke. Sai ɗan'uwanki Kostel, idan har yana raye. Wayarsa dai ta rasu tun bara."

"Sai ke, Mama."

"Dakata tukuna." Tsohuwar ta juya ga Uwa Pelagiya, mai kula da ɗakin tsofaffi, wadda ke tsaye da makulli a hannu tana nazarin rufi. "Uwa, waɗanda ake kawo muku a bari, a wace takarda kuke sa su?"

"Ta rayayyu mana, baiwar Allah."

"To, rubuta. Kada a ce mun yi wa coci ƙarya."

Alƙalamin ya huda takardar.

"Mama, zuwa bazara ne kawai. Da na samu..."

"Kin sako safar ulu? Ba shuɗiyar ba, ita ta yage."

"Na sako."

"Madalla. Kama hanya kafin hazo ya sauko, tuƙinki ba na kirki ba ne."

*

Da Rodika ta juya mota a bakin ƙofa, wata 'yar zuhudu ta fara buga katakon kiran ibada. A jikin katanga, tsofaffi mata biyar na zaune kan benci, duk sun fuskanci titi. Babu wadda ta ɗago kai. Sun dai muskuta kaɗan, suka buɗa wa Domnika wuri.