Bututun Gidan Inusah

Ina kan rufin gidan Inusah, hannuna na hagu rungume da bututun hayaƙi, na dama riƙe da sandar buroshi, sai wayar da ke aljihun rigata ta yi magana.

"Ba haka ba, Ɗan Faranshi. Kana shafa shi kamar kan jariri. Tura ƙasa da ƙarfi, ka jawo, ka sake turawa."

"Ganina kake yi?"

"Jin ka nake. Kunnena na jikin bango."

Inusah na ɗakinsa na sama, inda bututun ya bi ta cikin gini. Matarsa Afua ta ja masa kujera har can, tare da tukunyar iskar da yake shaƙa. Na tura. Buroshin ya yi ƙara kamar ana kankare ƙanzo.

"Yawwa, nan ne. Kada ka wuce sai ƙarar ta yi laushi."

Sunana Dikko, mutumin Maraɗi a Nijar, shi ya sa Inusah ke ce min Ɗan Faranshi. Na ja tasi a New York shekara ashirin da huɗu, na ajiye. Ranar nan shekaruna sittin da takwas, kuma ban taɓa hawa rufin kowa ba, har nawa. Inusah mutumin Zangon Kumasi ne. Gidansa na jikin nawa a Tompkinsville, shingen waya ne kawai tsakaninmu. Shekara ashirin da shida yana share wa mutane bututun hayaƙi, daga Staten Island har Brooklyn, har ƙirjinsa ya gaji. Likita ya haɗa shi da tukunyar iska, ya ce kada wuta ta kusance ta. Tun daga nan ba a sake kunna murhun da ke bangon falonsa ba. Shekara biyu ke nan.

Kwana uku kafin hawan nan ya aiko Afua ta kira ni. Na same shi a falo, ya lulluɓa da bargo, robar iska a hancinsa, yana kallon murhun.

"Ba zan ga ƙarshen sanyin nan ba," ya ce.

"Allah ne ya sani."

"Shi ya sani, ni ma ya ɗan nuna min. Zauna mana, tsayuwarka na gajiyar da ni." Na zauna. "In na tafi, mutane za su cika falon nan kwana uku. Boilar da ke ɗumama gidan ta tsufa, ɗuminta ba ya kaiwa nan. Dole wani ya ce a kunna wuta. Ni kuwa ban san abin da ke cikin bututun nan ba."

"Kira mutanen kamfaninku."

"Su zo su ga nawa haka? Ni na koya musu riƙe sanda." Tari ya kama shi. Na jira. "Ba gidan da na taɓa fita na bar hayaƙi ya shaƙe wani. Ba na so a fara da nawa ina kwance a maƙabartar New Jersey."

Na ce zan hau.

Afua na bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. "Ei, Baba Dikko! Gawa biyu kuke so a fitar min daga gida?"

Ita ce dai ta riƙe min tsani ranar, tana addu'a da Hausa tana zagina da Asantanci.

Kayan aikinsa na nan a gareji yadda ya bar su, kowace sanda a goge, kowace a ma'ajiyarta. Kafin in hau ya sa na toshe bakin murhun da leda, na manne gefe da gefe, don kada baƙi ya watsu a falo. Ya sa na ɗaura igiya a ƙuguna, na ɗaure ɗaya bakin a jikin bututun. Ya sa na rufe hanci da baki.

"Ni ban rufe ba lokacin da nake da ƙarfi," ya ce. "Ga ni."

A sama na tarar ragar da ke rufe bakin bututun ta yage. Na faɗa masa. Ya ce in ci gaba, zan ji. Da na haɗa sanda ta huɗu, buroshin ya tsaya cak.

"Ya ƙi," na ce.

"Kada ka danna. Jawo shi, ka sa ƙugiya."

Na sa ƙugiya na jawo. Ganye, tsumma, ledar burodi, ƙirare, har da safar yaro guda ɗaya. Kurege ya yi gida, ya toshe hanyar gaba ɗaya. Da an kunna wuta a ƙasa, hayaƙin ba shi da wajen zuwa sai falo. Sau tara ina zura ƙugiyar. Iskar teku tana dukan bayana, yatsuna sun daina jin sanda.

"Sauko ka huta, Ɗan Faranshi."

"In na sauko ba zan sake hawa ba."

Ya yi dariya har ta koma tari.

Na gama da azahar. Na ɗaura sabuwar raga. A ƙasa na cire ledar a hankali, na kwashe baƙi bokiti ɗaya da rabi, wani gari, wani kuma kamar busasshiyar kwalta. Wannan mai kama da kwalta, in ji shi, shi ne ke kamawa da wuta a cikin bututu ya cinye gida daga sama. Ya ce in zura hannu a maƙogwaron murhun, zan ji wani marfin ƙarfe mai mariƙi. Damfa suke ce masa. Na buɗe shi, tsatsa ta zubo min a fuska. Sannan ya sa Afua ta rufe ƙofar ɗakinsa saboda tukunyar iska, ni kuma na murɗe takardar jarida na kunna, na riƙe ta a bakin maƙogwaron.

"Ina harshen wutar ya nufa?" wayar ta tambaya.

"Sama."

"Hayaƙin fa?"

"Sama."

"Duka?"

"Duka."

Na ji numfashinsa a wayar ya daɗe. "To," ya ce.

Washegari ya matsa sai an sauko da shi. Ya zauna a ƙasa gaban murhun, ya sa madubi da tocila ya leƙa sama.

"Ka bar kaɗan a kusurwar hagu."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," ya ce. Ya miƙa min tocilar. "Saurara. Muddin akwai ko garwashi ɗaya, damfa a buɗe. Itacen da ke bayan gida ya bushe shekara uku, shi za ka sa, kada wani ya kawo maka katakon shago mai fenti. Amma mutanenku nake tsoro. Ku da gawayin shayinku."

"Me gawayinmu ya yi maka?"

"Ba ya hayaƙi, shi ya sa kuke yarda da shi. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Na taɓa shiga wani gida a Bronx bayan an fitar da mutum uku. Butar shayin na nan a kan murhu, ko zubewa ba ta yi ba." Ya kama wuyan hannuna. Hannunsa ba nauyi. "Wutar gidan nan taka ce har a watse."

Na ce na ji.

Ya ƙara kwana goma sha tara. Ranar Talata da hantsi, cikin Disamba, ina zaune gefen gadonsa, Afua na ɗaya gefen, ya daina. Ina maimaita masa kalmar shahada, leɓensa na bi, sai na ga ni kaɗai nake faɗa. Afua ta cire masa robar daga hanci, ta naɗe ta a hannunta, ta kashe tukunyar. Ɗakin ya yi tsit. Ashe shekara biyu muna jin ƙarar nan ba mu sani ba.

Muka kai shi Laraba. Kafin mu dawo na sa an kwashe tukwanen iskar duka daga gidan, na ƙirga da idona. Sannan na buɗe damfa, na jera itace, na kunna. Ta kama lafiya. Maza suka cika falo, 'yan Gana, 'yan Nijar, 'yan Kano, har da Turawa biyu da ya yi aiki da su. Mata na sama wajen Afua. Ɗaya daga cikin Turawan ya durƙusa ya leƙa murhun, ya tambayi wanda ya share. Aka nuna ni. Ya gyaɗa kai.

Rana ta biyu sanyi ya ƙaru, ƙanƙara ta sauka. Bayan azahar na fita bayan gida sara itace. Ban wuce minti ashirin ba. Da na dawo da itacen a ƙirjina, na ji idona na yaji tun daga ƙofar kicin.

Alhaji Hambali, mutumin ƙasarmu, ya iso daga Harlem. Shi ke da shagon atamfa a titi na 116. Shi ya sauke ni lokacin da na zo ƙasar nan, wata bakwai ina kwana a ɗakinsa. Ya girme ni da shekara shida. Ban taɓa ce masa a'a ba.

Yana zaune a tsakiyar falo a kan kafet. Ya ɗora ɗan murhun shayinsa na saƙar waya a kan faranti, ya cika shi da gawayi, ya ɗebo garwashi daga murhun Inusah ya tayar da shi, yana fifita da murfin kwali. Tagogi duk a rufe. Hayaƙi siriri na fitowa daga bakin murhun bango yana hawa silin. Dattawa biyu sun jingina da kujera, ido a lumshe.

"Wa ya taɓa damfa?" na ce.

"Wancan ƙarfen?" in ji Alhaji. "Ni na ja shi kaɗan. Zafin duk sama yake gudu, tsuntsaye kuke ɗumamawa. Bon, zauna, yanzu shayin farko zai nuna."

Na zubar da itacen. Na naɗe hannu da tawul, na zura a maƙogwaron murhun, na tura mariƙin har ƙarshe. Hayaƙin ya juya ya koma ciki. Na buɗe tagogi biyu. Iska ta shigo kamar wuƙa, mutane suka fara gunaguni. Sannan na sunkuya na ɗauki farantin da gawayin a kai.

"Dikko, ajiye."

"A'a, Alhaji."

"Shekara talatin ina dafa shayi a ɗaki."

"Allah ya rufa maka asiri shekara talatin. A gidan nan dai ba za a yi ba."

Wani daga baya ya ce, "Direban tasi ya zama injiniya." Wasu suka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a kan gwiwa.

"Ni za ka yi wa haka a gaban mutane? Ni da na tarbe ka ko bargo ba ka da shi?"

Farantin ya fara cin yatsuna ta cikin tawul.

"Ka tarbe ni, ban manta ba. Amma mai gidan nan ya bar min wutarsa. Matsa min hanya, Alhaji."

Ya dube ni. Sannan ya ja da baya taki ɗaya. Na wuce ta kicin, na tura ƙofar baya da ƙafa, na ajiye farantin a kan siminti nesa da bango. Na tsoma hannuna cikin ƙanƙara.

Da na dawo, ya ɗauki kwat ɗinsa da butarsa da kofunansa, ya fita. Na taɓa dattawan nan biyu, suka buɗe ido, ɗaya ya ce kansa na ɗan sarawa. Na sa shi ya zauna bakin taga. Afua ta leƙo daga bene, mayafinta har goshi.

"Baba Dikko, lafiya?"

"Lafiya. Koma."

Ta dubi murhun, ta dubi hannuna, ta koma. Can sai wata mata ta sauko min da man shafawa.

Na bar tagogin a buɗe har aka yi la'asar. Sannan na rufe ɗaya, na bar ɗaya faɗin yatsa biyu. Na shiga kicin wanke hannu, na ɗaga kai. Ashe Alhaji bai tafi ba. Yana bayan gida, zaune a kan gungumen da nake sara itace, ya ja kwat har kunne, ƙanƙara na sauka a kan hularsa. Yana ɗaga buta sama yana zuba shayi cikin kofi, yana mayarwa, tururi na tashi.

Ya shigo da faranti. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya fara da liman. Ni ne na ƙarshe. Ina durƙushe gaban murhu. Bai miƙo min ba, ya ajiye kofin a ƙasa kusa da gwiwata, idonsa na wani wajen.

"Ya huce a hanya," ya ce. Ya koma waje dafa na biyu.

Na sha rabi da hannun hagu. Na ajiye sauran a kan bulon murhun, na ƙara itace ɗaya.