Tsatsar Motar Alhaji Bunu

Tun ranar da aka kai Alhaji Bunu makwancinsa, motarsa ba ta ƙara motsawa ba. Tana nan a farfajiyar gidansa da ke Magariya, gindin dogon yaro, tayoyinta sun sace sun nutse cikin rairayi. Damina ta zo ta wuce a kanta ba sau ɗaya ba. Awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin hutun rana, wata kaza mai taurin kai ta riƙa saka ƙwai a kujerar matuƙi. Tsatsa kuwa ta ci son ranta: ta huda gindin ƙofofi, ta rarake saman tayoyin baya, har mutum kan sa yatsa a wani wurin ya fito ta ɗaya gefen.

Hajja Ƙande, matar marigayin, ba ta taɓa jin haushin tsatsar nan ba. Da son ranta ne, ta gama cinye motar, ƙasa ta haɗiye sauran.

Sai ga surukinta Nassirou ya ajiye aikin duwan, bayan shekaru yana binciken kayan fatake a bakin iyaka. Mutumin da ya saba kwankwasa jikin motocin mutane bai iya zaman banza ba. Da ma wajen rabon gado motar ta faɗo hannun matarsa Zeinabou, ƴar farin Hajja. Wata safiya bayan an gama yankan gero ya shigo gidan da burushin ƙarfe da guduma da kurfi, ya kori kazar, ya ce zai tayar da motar Baba ko da zai shekara a kanta. Ya ce ranar da ta tashi, Hajja zai fara ɗauka ya kai ta Bande ta ga danginta.

Da Zeinabou ta kawo wannan albishir, Hajja ta ce Allah ya yi albarka, amma ta san abin da ke jikin motar.

Duk garin an san Alhaji Bunu da fataucin wake da gyaɗa zuwa kasuwannin ƙetaren iyaka, da sahun gaba a masallaci. Haka ƴaƴansa ma suka san shi. Hajja kaɗai ta san cewa a dawowa motar ba ta zuwa wayam. Wani maƙeri a can ƙetare ya ƙera masa tankuna biyu na ɓoye, masu faɗi marasa kauri. Ɗaya a kwance yake ƙarƙashin daɓen motar. Ɗayan a tsaye, tsakanin jinginar kujerar baya da wurin kaya, an rufe shi da ƙarfe an shafe da fenti, bakinsa a ɓoye cikin soson kujera. Da su Alhaji ke shigo da esansi, man mota. In ya dawo sai a kulle ƙofar gida, shi yana zuƙo man da tiyo, ita tana riƙe da mazurari a bakin jarka. Da kuɗin man aka gina ɗakunan gidan, da shi ta ga Makka. Ranar da ciwon ajali ya kada shi, sun juye tankin ƙasa ke nan, ba su kai ga na bayan kujera ba. Yana nan a cike, murfinsa a ɗaure, yadda Alhaji ya bar shi.

To ina wuyar? Ta kira surukin ta gaya masa mana. Mai faɗin haka bai san Hajja Ƙande ba. Tun da Nassirou ya auri ƴarta ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa bai taɓa hawa harshenta ba. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ita tana ciki ta juya fuska ga bango tana amsawa ciki-ciki. Mata suna misali da ita a unguwa wajen kunya, ita ma tana jin daɗin haka, kada a ɓoye. Yanzu a ce ta buɗe baki ta gaya wa wannan mutum, tsohon ɗan duwan, cewa surukinsa da ke kwance a kabari ɗan fasa-ƙwauri ne, ita ce kuma mai riƙe masa mazurari?

Kwanakin farko ta samu sauƙi, don aikin na hannu ne. Nassirou kan zo da hantsi cikin wata tsohuwar riga, ya durƙusa yana kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya bayyana. Inda ya ruɓe ya sare shi da kurfi. Ya samo tsohuwar gangar ƙarfe ya fasa, yana yanko faci daidai kowane rami, yana bubbuga shi a kan gungume har ya ɗauki lanƙwasar jikin motar. Jan garin tsatsa ya rufe farfajiyar, ya shiga har cikin randa. Hajja tana leƙe ta labule. Ta san faci ba ya manne kansa, wata rana sai an kawo wuta.

Ta kira Zeinabou. Ita ma ɗin ƴar fari ce, ba a kama sunanta, ba a doguwar hira da ita.

"Ke, ki gaya wa mai gidanki kada ya kusanto da wuta jikin motar nan."

"Don me, Inna? Ai sai da walda faci ke zama."

"Haka nan. Raina bai kwanta ba."

Zeinabou ta fita, Hajja tana jin ta daga ɗaki tana cewa, "Inna kewar Baba ke damunta, ba ta son a ƙona masa mota." Nassirou ya ce a gaya wa Hajja ta kwantar da hankalinta, zai bi motar a sannu kamar yana yi wa jariri wanka.

Hajja ta sake gwadawa. Ta ce ta yi mummunan mafarki, ta ga hayaƙi a gindin dogon yaro. Wannan saƙon ya isa da kyau: washegari Nassirou ya sayi masa cike da kwano ya raba sadaka a ƙofar masallaci, ya dawo ya ɗauki gudumarsa. Hajja ta ji kamar ta ciji yatsanta don takaici. Abinci ya daina shiga mata. In ya buga guduma a bayan motar, a ƙirjinta take jin bugun.

Wata safiya ta zaga bayan madafa ɗebo itace, ta ga tsohuwar tabarma an lulluɓe wani abu an danne da dutse. Ta ɗaga. Tankin ƙasa ne, jajir da tsatsa, gefunansa duk sarar kurfi. Ashe surukin ya gano. Ya kwankwasa daɓen motar, kunnensa na ɗan duwan ya gaya masa, ya sare tankin da hannu ba tare da wuta ba, ya ɓoye shi inda baƙo ba ya zuwa, bai ce wa ko matarsa uffan ba. Ya rufa wa mamaci asiri, ya rufa mata. Hawaye suka zubo mata na kunya da na godiya a haɗe.

Sai ta ƙara ɗaga tabarmar, ta duba ƙarƙashin tankin, ta duba bayan itacen. Guda ɗaya ne.

Ta ce wa ranta gobe zai ciro ɗayan. Gobe ta zo, bai ciro ba. Yanzu ma har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa yana aiki, irin ta mutumin da ya kawar da abin tsoro ya huta. Ya zaci dalilin saƙonninta ke nan, ya zaci kuma ya amsa mata ba tare da an yi magana ba. Duk lokacin da ya durƙusa gaishe ta, sai ta yi niyyar faɗa masa, amma ta ji kanta tana cewa, "Lafiya lau. A gaida yara."

Ranar da wutar ta zo, a amalanken jaki ta zo. Gajere mai walda ne ya ba da aron kayansa: tulun iska dogo, da tukunyar karbir, da tiyo biyu masu haɗuwa a bakin ƙarfe. Aka zuba wa karbir ruwa don ya ba da iskar da wuta ke ci, wani wari mai hawa kai ya cika gidan. Maƙwabta suka shigo kallo, suka jeru a inuwar katanga suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Zeinabou tana madafa tana dama fura.

Nassirou ya sa baƙin tabarau, ya ƙyasta ashana. Wutar ta fito ja, ya murɗa, ta koma shuɗiya siririya tana huci. Ya fara da ƙofar gaba. Faci ya zauna, maƙwabta suka yaba. Ya koma ƙofar baya. Hajja tana bayan labule da carbi, ba ta san me take ja ba. Ya gama ƙofar, ya ja tiyo ya zagaya, ya buɗe wurin kaya, ya sunkuya da rabin jikinsa a ciki, inda tsatsa ta rarake saman taya, dab da jinginar kujera. Ta ga tartsatsi yana zuba. Ta ga wani siririn hayaƙi yana fitowa ta tagar baya.

Ba ta san lokacin da ta fito ba. Ba mayafi, ba takalmi.

"Nassirou!"

Ludayi ya faɗi daga hannun Zeinabou. Shi kuwa, jin sunansa a bakin da bai taɓa faɗarsa ba ya sa jikinsa ya yi abin da ya saba tun kafin kansa ya gane: ya kashe wutar, ya ajiye, ya tako da sauri, ya tuɓe takalmi nesa da ita ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Hajja, lafiya?"

"Biyu ne," ta ce. "Akwai wani bayan kujera. A cike yake."

Ya ɗago. Karon farko ke nan da suka haɗa ido. Ta ga jini ya bar fuskarsa. Ya waiwaya. Soson kujerar ya riga ya kama, hayaƙin ya yi baƙi, kuma tulun iska da tukunyar karbir suna tsaye jikin motar, taku kaɗan daga madafar da matarsa take.

"Ku fita! Kowa ya fita!"

Ya ruga. Hajja ta kira shi kada ya koma, bai ji ba, ko ya ji bai tsaya ba. Ya rungumi tulun ya ja shi har bayan ɗaki, ya dawo ya kama tukunyar karbir. Yana janye ta tankin ya fashe. Ƙarar ba ta kai yadda ta yi ta zato ba, wani gum ne mai nauyi da ta ji a tafin ƙafarta. Wuta ta tashi ta kama rassan dogon yaro, ta malalo ƙasa tana bin rairayi, ta lashi bayan rigarsa. Maza suka kada shi suna birgima da shi suna watsa masa ƙasa.

Kafin a kashe wutar da rairayi, unguwa ta cika gidan. Motar ta koma baƙin ƙwarangwal, facin da ya yi kwanaki yana bubbugawa duk sun murɗe. Nassirou yana kwance rub da ciki a kan tabarma, fatar bayansa da ta hannayensa ta saɓule, Zeinabou tana kuka a kansa, an tafi neman abin da zai kai shi likita. Warin esansi ya cika ko'ina, ba mai hancin da zai ce bai ji ba.

Gajere, da ya taho a guje don kayansa, ya tsaya yana shaƙar iska. "Motar da ta yi shekara da shekaru a ajiye, ina ta samu mai haka? Wannan ai ba ragowar tanki ba ce."

Mutane suka dubi juna. Waɗanda suka ji abin da Hajja ta ce suka sunkuyar da kai.

Nassirou ya juyo da fuskarsa daga tabarma, yana cije leɓe. "Sakacina ne," ya ce. "Jarka na sayo don wanke ƙarfe, na manta ta bayan kujera. Ni ne."

Aka fara salati, ana cewa tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba. Wata maƙwabciya ta ɗauko mayafi ta yafa wa Hajja, ta kama hannunta za ta mai da ita ɗaki. Hanya ta buɗe mata sarai: ta shiga, ta saki labule, sunan Alhaji ya zauna yadda yake, nata ma haka. Ta dubi bayan mutumin da ke kwance, wanda ko yanzu bai daina rufa mata asiri ba.

Ta zare hannunta. Ta taka har gaban tabarmar, ta durƙusa a gabansa kamar yadda ya saba durƙusa mata.

"Ba jarka ba ce, Nassirou," ta ce, da ƙarfin da na bakin ƙofa ma suka ji. "Tankin Alhaji ne. Ni nake riƙe masa mazurari."