Kyamara a Cikin Shinkafa

Labaran mai hoto na Ƙofar Jatau ba ya barin kowa ya taɓa kyamararsa. Ko ƙuda ne ya sauka a kanta sai ya sha faɗa. Ban ga laifinsa ba, da ita yake ciyar da matarsa Jummai da 'ya'yansu, yau gidan suna, gobe gidan biki, a kan tsohon kekensa.

A daminar 1988 'yan majalisarmu suka tsiro da sabon salo, wai mu je mu hau dutsen Kufena mu kwana a gindinsa, kamar yadda ɗaliban jami'a ke yi. Adamu tela ne ya kawo shawarar, shi ne kuma ya naɗa kansa shugaba ba tare da an roƙe shi ba. Labaran ya yarda zai ɗauke mu hoto a ƙoli, amma ya ishe mu da ƙorafin danshi. Wai in laima ta shiga gilashin kyamara, fumfuna ce ke tsirowa a ciki, shi ke nan an yi asara.

Sai ya yi dabara. Ya lallashi Jummai ta ciro masa kwalla mai murfi daga cikin jerenta. Ya cika ta da ɗanyar shinkafa, don shinkafa na shanye danshi, ya naɗe kyamarar a tsumma ya binne ta a tsakiya. Jummai ta ɗaure kwallar da sabon ɗankwali, ta yi mata ƙulli a sama irin na abincin da za a kai gidan surukai. Bai gaya wa kowa ba, don ya san halin bakinmu.

Mun isa gindin dutsen da la'asar, hadari na biye da mu. Wani dattijo manomi, Malam Jalo, ya ce atafau ba za mu kwana a fili ba, ya ba mu zauren gidansa. Labaran ya ajiye kwallar ya zagaya yin alwala. Adamu ya dubi ƙullin nan mai kyau, ya ɗauka tsarabar da matanmu suka haɗo ce. Ya durƙusa ya miƙa wa mai gida.

"Baba, ga wannan a kai wa iyali, ba yawa."

Tsohon ya sa albarka ya shige da ita ciki.

Labaran ya dawo yana yarfe ruwa. "Ina kwallata?"

"Ai na fitar da mu kunya," in ji Adamu, har da gyara hula.

Da Labaran ya raɗa mana abin da ke ciki, sai kowa ya dafe kai. Gida ne na kulle, namiji baƙo ba ya wuce zaure. Kuma da wane baki za ka ce wa dattijon da ya ba ka masauki ya dawo da kyauta? Muna cikin raba ido sai muka ji muryar wata tsohuwa daga ciki.

"Tani, kawo ruwa a wanke shinkafar baƙi!"

Labaran ya sulale ya zauna daɓas. Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina, ga kuma dariya na cina, na rasa wadda zan bi.

Can sai ga Malam Jalo ya fito, kyamara rataye a wuyansa, a bushe ƙalau.

"Ku mutanen birni kun iya kara," ya ce. "Kyauta irin wannan ku ɓoye ta cikin shinkafa? Da Tani ba ta tsaya tsince tsakuwa ba, ai da mun dafa ta."

Duk muka zuba wa Labaran ido. Ya yi ƙarfin hali ya amsa.

"Ba komai, Baba. Allah ya sa ta yi amfani."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, ya jujjuya kyamarar, sannan ya ce, "To amma ni fartanya na sani. Wa ya iya aiki da ita a cikinku?"

Har Adamu sai da ya nuna Labaran. Malam Jalo ya cire ta ya rataya masa a wuya.

"Riƙe mini amana, yaro. Ka yi sana'arka da ita. In an yi haihuwa a gidana, zan aika ka zo mini da kayana."

Abin da ba mu sani ba, 'ya'yan tsohon maza suna da yawa, kuma duk sun yi aure. Shekara da shekaru Labaran na taka keke zuwa Kufena ɗaukar hoton suna kyauta, ya tafi yana mita, ya dawo da damin dawa a bayan keke.

Da tsohon ya rasu, ranar rabon gado Labaran ya je ya ajiye kyamarar a kan tabarma gaban magada, idanunsa jawur.

"Ga kayan Baba," ya ce.

Babban ɗan ya tura masa ita a hankali.

"Baba ya bar wasiyya ka ci gaba da riƙewa. Kuma kada ka yi nisa, muna sa ran suna bayan sallah."