Ƙwayar Fitsari da Sahun Farko

A Kurmin Kogi kowa ya san mai zama bayan liman ranar Juma'a. Malam Uwaisu ne. Tun da hantsi yake baro gonar rake, ya yi wanka, ya yi alwala, ya je ya shimfiɗa buzunsa, ba ya motsawa sai an sallame. Ba gadon wurin ya yi ba. Ƙa'idar masallacin ɗaya ce, wanda ya tashi ya bar wa na baya.

Da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, 'yarsa Rahmatu ta kai shi asibiti a Ikara. Likita ta danna masa ƙauri da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ce ruwa ne ya taru, ta rubuta masa wata 'yar farar ƙwaya, kullum da safe.

"Baba," in ji likita, "ƙoda tana tace jini, sannan ta mayar wa jiki gishirin da yake buƙata. Wannan ƙwayar hana ta mayarwa take yi. Gishiri ya fita, ruwa ya bi shi. Za ka yi ta fitsari."

Malam Uwaisu ya ce to, ya kafa wa silin ido, don ba zancen da ake yi gaban 'yar mutum ba ne.

Ƙwaya ta yi aikinta babu ha'inci, kumburi ya sauka. Amma da Juma'a ta zo, liman bai ko hau mumbari ba mara ta cika. Ya daure, ya gyara zama, ƙarshe dai ya tashi yana ratsa sahu yana ba da haƙuri. Ya dawo da sabuwar alwala ya tarar an naɗe masa buzu cikin ladabi an jingine a bango. Ranar a waje ya yi salla, kusa da takalma. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Shi ba mai saɓa wa likita ba ne, ba zai bar ƙwaya ba. Sai ya yi lissafi irin na mai noman rani: in ka toshe ruwa daga sama, ba abin da zai gangaro. Tun ranar Alhamis ya ƙaurace wa ruwa, ya mayar da kunu, ko gaɓar rake bai tsotsa ba. Da safe ya haɗiye ƙwaya da miyau, ya tafi gona cikin zafin bazara.

To, ƙwaya ba a yi shawarar da ita ba. Ƙoda kuwa ba daga randa take ɗibar ruwa ba, daga jini take ɗiba. Ta yi ta ɗiba har jinin da ke iso mata ya ja baya, tacewa ta kusa tsayawa. Fitsari ya ɗauke cak. Malam Uwaisu yana zaune kan buzunsa ya yi hamdala, dabara ta ci.

Aka tayar da iƙama, ya miƙe, masallaci ya juya masa.

Ya farka a gadon asibiti, ana yi masa ƙarin ruwa, Rahmatu na gefe. Likita ta ce saura kaɗan ƙodarsa ta tsaya, sai gwajin jini ya nuna ko za ta dawo daidai.

"Baba, da ka tambaye ni, da na ce ran Juma'a ka sha ƙwayar bayan salla," in ji likita.

Malam Uwaisu ya dubi 'yarsa.

"Rahmatu, ban sami Juma'ar ba ke nan?"

"Ba ka samu ba, Baba." Sannan ta ƙara, "Su Malam Yahya da suka ɗauko ka ma ba su samu ba. Rabin sahun farko ne suka biyo motar."

Malam Uwaisu ya juya fuska bango. Kunya da baƙin ciki suka taru masa, tun rasuwar mahaifiyarsa bai yi kuka irin na ranar ba. Likita ta leƙo, ta duba fuskarsa da kyau.

"Alhamdulillahi," in ji ta. "Hawaye ya zo. Ruwa ya fara komawa jiki."