Man Fitila a Miyar Kuka

Shekarar da naira ta fito, Malam Liti, dillalin gyaɗa a Karaye, ya ce kananzir zai tsiyata shi. Gidansa mutum talatin ne, fitilar ƙwai tara. Ya tattara su ya kulle, ya ba kowane ɗaki aci-bal-bal da cokali biyu na man gyaɗa.

Matarsa Zinariya ta ci gaba da girkinta, har miyar kuka ta fara ƙauri. Ran nan ta zaro fiffiken ƙwaro daga bakin jikarta. Washegari da hantsi ta leƙa bayan rumbu, ta tarar da shi a tsugune yana tsiyaye ragowar man aci-bal-bal ɗin, baƙi ƙirin da matattun ƙwari, cikin kwalbar man girkinta.

"Mai ai mai ne," in ji shi, ko kunya babu.

Da rana ta aika masa da tuwo zaure, yana tare da baƙi. Ya buɗe kwanon miya, sai ga lagwani tara kwance a kai.

"Malam, a cinye har da su," ta ce daga bayan ƙofa. "Kada a yi asara."