Labulen da Baba Ya Ɗinka

Wata biyu ke nan da Rumasa'u da mijinta Nasrullahi suka tare a sabon gidan da suka kama a Garki, Area 3, amma har yanzu tsohon zani ne rataye a tagar ɗakin kwanansu. Ba rashin hali ya kawo haka ba. Zanen gado ta saya a wurin Rosemary, wata abokiyar aikinta da ke ɗan taɓa kasuwanci. Mai ruwan madara ne, da zanen ganyaye kore da shuɗi. Tun ranar da ta shimfiɗa shi ta ƙudurta cewa ba za ta rataya labule ba sai wanda ya shiga da shi.

"Kar ki kuskura ki sa mai fulawa," in ji Rosemary da Hausarta ta Abuja. "Gado yana da zane, to labule ya zama filen, marar zane. Ki ɗauki kala ɗaya a cikin ganyen nan, shi ke nan."

A tsakanin nan ne mahaifinta, Malam Yahuza, ya zo daga Funtuwa ganin likitan ido. Shekara arba'in ya yi yana ɗinki a bakin kasuwa, da keken ɗinkinsa ya ciyar da 'ya'yansa bakwai, ya sa su makaranta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa ragowar da maganin ɗigawa. Aka ce ya zauna sati uku a ga yadda maganin zai karɓe shi.

Zaman ya yi masa tsawo. Da safe kowa ya fita aiki, shi kuwa ya yi ta juyi tsakanin falo da baranda da 'yar rediyonsa. Shi ya sa ranar Asabar da ya ji Rumasa'u za ta kasuwar Garki neman labule, ya ɗauki hularsa.

"Mu je tare, Mamana. Ko ba komai na san yadi."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, bai taɓa kiranta da sunanta na yanka ba.

Ta tafi da rigar filon zanen gadon guda a jaka. Shago bayan shago tana fito da ita, tana kangawa a jikin yadi, tana girgiza kai. Wannan koren ya yi duhu, wancan ya yi haske kamar na tuta. Shi kuwa Baba ba ya cewa komai a kan launi. Sai ya kama bakin yadi ya murza tsakanin yatsu biyu.

"Wannan roba ce zalla, rana ɗaya za ta cinye shi," ya ce wa wani mai shago Bakano, Abdulmajeed. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ɗan hannu ne." Nan suka shiga hirar yadi, har aka kawo wa Baba kujera. Rumasa'u ta daɗe ba ta ga fuskarsa ta saki haka ba, amma hankalinta na kan koren da ba ta samu ba. Suka dawo hannu rabbana.

Ranar Litinin aka tura ta Lakwaja aikin kwana uku. Abin da ya faru a bayanta daga baya ta ji shi a bakin Nasrullahi. Baba ya nemi tef ya auna tagar, ya sa aka kai shi shagon Abdulmajeed, ya zaɓo yadi da kansa. Mai shagon ya so ya nuna masa wani, ya ce a'a, wannan ne mai koren da 'yarsa take nema. Daga nan ya samu wani tela a bayan layinsu, ya roƙe shi aron keke na sa'o'in da ba ya aiki. Kwana uku yana zuwa. Telan ne ke zura masa zare a allura, sauran aikin kuwa bai bari kowa ya taɓa ba. Nasrullahi ya ga yadin, ya kuma san ba shi ba ne, amma ya kasa buɗe baki ya faɗa wa surukinsa.

Ranar Alhamis da la'asar ta dawo, a gajiye, motarsu ta kwashe awa biyu a cunkoso kafin su shigo gari. Baba na zaune a falo ya sa babbar riga kamar mai jiran baƙi. Suka gaisa, ya ce, "Shiga ɗaki ki ajiye kaya tukuna."

Ta tura ƙofa ta tsaya. Labule ne har ƙasa, kore dai kam, amma cike da manya-manyan furanni ruwan goro da shunayya. Ga ganyayen zanen gado, ga waɗannan furanni, ɗakin ya hargitse kamar rumfar mai atamfa. Gefe ɗaya kuma ya fi ɗaya tsawo da kusan taƙi guda.

Baba ya biyo ta, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi.

"Baba, wa ya sa ka wannan aikin?" ta ce. "Ai ko kusa bai shiga ba. Filen na ce ina nema. Dubi furannin nan fa. Ba ka gani ne?"

Kafin ta rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Murmushin bai gushe nan take ba, a hankali ya tafi. Ya matsa kusa da tagar, ya kai fuskarsa dab da yadin har hancinsa na neman taɓawa, ya daɗe yana dubawa.

"Ashe furanni ne," ya ce. "Ni na ɗauka inuwar yadin ce. Gaskiyarki, Mamana, ba na gani sosai."

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Ba komai. Aiki in bai yi ba, ai sai a faɗa wa tela. Haka muka saba."

A nan ya kamata ta ce a bar shi. Ta sha maimaita wannan wurin a ranta daga baya. Amma gajiya da kunya suka haɗu suka ɗaure mata baki, kuma can ƙasan zuciyarta ba ta son labulen. Ta ce bari ta watsa ruwa. Ko da ta fito, ya riga ya hau kujera ya zare shi daga ƙarfen, ya ninke shi tsaf yadda yake ninke kayan mutane a shago.

Da aka zo cin abinci ya ci, ya yi hira da Nasrullahi a kan tsadar taki. Bai sake tayar da maganar ba, ita ma ta ga kamar tayar da ita fama ciwo ne. Washegari ta sayo masa kifi daga kasuwar Kado, irin wanda yake so, ta yi masa farfesu. Ya sa mata albarka. Ta ɗauka hakan ya wadatar.

Da sati ukun ya cika ya koma gida. Bayan kwana goma Abdulmajeed ya kira ta ya ce an kawo sabon kaya. Ta samu koren da take nema, daidai da na ganyen, aka ɗinka aka rataya. Rosemary ta zo ta gani ta ce kamar otal. Ɗakin ya yi kyau ƙwarai, babu mai musun wannan.

Ciwon idon Baba bai tsaya ba. Kafin shekara ta zagayo sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Da Rumasa'u ta je Funtuwa hutun Babbar Salla, tana shiga tsakar gida ta hango furannin nan ruwan goro a ƙofar ɗakinsa. An yanke labulen biyu, rabi a ƙofa, rabi a taga. Ta yi zaton yana cikin wata jaka a gidanta, ba ta ma san ya taho da shi ba.

Innarta ta ga inda take kallo, ta ja ta madafi.

"Tun da ya dawo daga wajenku bai sake hawa keke ba," ta ce da ita ƙasa-ƙasa. "Ya kira ɗan wansa ya ba shi keken kyauta. Na ce masa ai da saura, kana ganin hanya. Ya ce a'a, an gwada shi ya faɗi. Bai gaya mini wanda ya gwada shi ba, ni ma ban tambaya ba."

Rumasa'u ta shiga ɗakin ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya gane ta da sallamarta. Suka gaisa, ya tambayi maigidanta da aiki.

"Baba, labulen nan nake so ka ba ni in koma da shi."

"Wanne? Wannan na ƙofa? Ai ya sha rana, Innarku ta ce duk ya koɗe."

"Ko a haka ina so. Baba, maganar da na faɗa maka ranar nan..."

Ya ɗaga hannu. "Gaskiya kika faɗa. Da ba ki faɗa ba, da na ci gaba da ɓata wa mutane kaya suna jin nauyin gaya mini. Kin samu wanda ya shiga?"

"Na samu."

"To madalla. Ki bar mana wannan, yana tare mana ƙuda."

Ta so ya yi mata faɗa, ko ya ce ya ji ciwo, don ta samu abin da za ta nemi gafara a kai. Bai ba ta wannan ƙofar ba. Ya ce ta miƙo masa butarsa, an kusa kiran azahar. Ta miƙa masa, ta riƙe hannunsa suka fita tsakar gida, ta tsaya a gefe har ya gama alwala.

Kwana huɗu ta yi. Ranar da za ta tafi ta sake cewa ya yafe mata, a taƙaice, cikin sauran gaisuwar bankwana. Ya ce ya yafe mata duniya da lahira, kamar yadda yake ce wa kowane ɗa nasa in zai yi tafiya. A mota Nasrullahi ya tambaye ta ko sun yi maganar. Ta ce sun yi, ta juya tana kallon gonaki.